Abin da Muka Sa a Kwali

Kwalin ya iso Kaltungo ran Talata,
a bayan babur, ɗaure da roba,
gefensa ya sha ruwan Agusta har ya yi laushi.
Na farke shi da reza a gaban 'yan aji biyar,
suna ture juna kamar kaji a gindin rumbu.

Wasiƙu talatin da ɗaya daga makarantar coci a Norwe,
alƙaluma masu launi, da wani cuku mai ruwan ƙasa
wanda Yila ya lasa ya ce sabulu ne.
Ga hoton majami'arsu, fara fat, ƙanƙara har taga.
Lamela ta ƙirga na ciki da yatsa, sha ɗaya,
ta ce, "Malam, sauran sun makara ne?"

Hedimasta ya kira ni ofis.
Ya ce a ɗauki hoton ajin da iska ta yaye wa kwano,
a jera marasa takalmi a gaba,
wai jaririn da bai yi kuka ba, ba a ba shi nono.
Na ce to. Na fito. Ban ɗauka ba.
Abota aka ce mana, ba roƙo ba.

Na karanta musu tambayoyin ina juyawa zuwa Hausa,
inda Hausa ta cije in tsallaka Tangale.
Kuna da zaki a bayan gida?
Aji ya fashe da dariya.
Ankale ya naɗe wando ya nuna tabon kububuwa,
ya ce a rubuta musu wannan, kwana tara a asibiti,
zaki kam sai a littafi.

Sai wasiƙar wata yarinya, Solveig,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa:
Kakata ta rasu a gidan tsofaffi.
Mu shida muka raka ta, muka sha shayi, muka watse.
Washegari na tafi makaranta.
Ku yaya kuke yi?

Aji ya yi tsit,
har ana jin injin niƙa daga ƙetaren titi.

Poshiya ce ta ɗaga hannu,
ita da bakinta ya mutu tun da aka binne babanta da bazara.
Ta ce a ba ta takarda.
Ta rubuta yadda rumfa ta cinye rabin hanya,
yadda matan zumunta suka kwana suna buga tulu,
yadda Hajiya Dije ta makwabta ta aiko kunu bokiti biyu,
kwana bakwai ba a bar uwarta ta ɗora tukunya ba.
A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, a karkace:
Faɗa mini sunan kakarki,
ran Lahadi mu kira shi, mu ɗari huɗu ne.

An ce zumunci a ƙafa yake.
Namu ƙafafun sun ƙare a layin biza,
fasto ya je sau biyu, rasit kawai ya kawo.
Sai muka sa a kwali abin da zai iya tafiya:
tsamiya, soyayyiyar gyaɗa a kwalba,
Dutsen Kilang da Yila ya zana da alƙalumansu.
Har daddawa mun sa,
ma'aikacin gidan waya ya shinshina ya cire.

Amsa ta zo bayan an yanke dawa.
Suna ɗaya tal a tsakiyar takarda: Ingeborg.
Kwana uku muna gwada shi, harshe yana tuntuɓe.
Ran Lahadi Poshiya ta miƙe a gaban jama'a,
ta riƙe takardar da hannu biyu,
ta ce, "Inna Ingebo."
Amin ɗin da aka amsa sai da kwano ya yi rawa.

Hedimasta yana bencin gaba.
Na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.
Ajin nan har yau rana ce rufinsa,
kuma na san gobe da safe
zai sake tambayata hoton.